Kalki ba Annabi ba ne, Ka'aba kuma ba ɗakin Shiba ba ce

Akwai wani saƙo da ke dawowa WhatsApp duk bayan 'yan watanni, wani lokaci bidiyon mai wa'azi ɗan Indiya da aka ɗora wa fassarar Hausa, wani lokaci dogon rubutu da ake rufewa da "tura wa mutum goma". Maganar ɗaya ce: wai littattafan Hindu sun yi bushara da Annabi Muhammadu (SAW) tun dubban shekaru kafin a haife shi, wai shi ne Kalki ɗin da mabiya addinin Hindu suke zaman jira. Hujjojin kuwa da daɗin ji. Sunan mahaifin Kalki Bishnuyasha, aka ce ai Abdullahi ke nan. Sunan mahaifiyarsa Sumati, aka ce Amina. Zai hau farin doki, aka ce Buraƙa. Zai zo da takobi, aka ce ga Badar ga Uhudu. Mai sauraro ya yi kabbara ya tura gaba.

Wannan hujja ba a WhatsApp aka haife ta ba. Wani masanin Sanskirit, tsohon harshen littattafan Hindu, mai suna Ved Prakash Upadhyay, ya rubuta ɗan littafi a kanta a ƙarshen shekarun 1960, daga baya masu wa'azi irin su Dakta Zakir Naik suka kai ta gidajen miliyoyin mutane ta talabijin, har da namu. Na san dalilin da ya sa take shiga rai. Wa zai ƙi ya ji cewa littafin wani ma ya shaidi Annabinsa? Sai dai ni a ganina hujjar ba ta da ƙafar tsayawa, kuma duk ranar da muka kafa ta a gaban wanda ya san littafinsa, mu ne za mu ji kunya.

A tambayi kowane malamin Hindu wane ne Kalki. Zai ce shi ne saukowa ta goma ta Bishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu. Wato Bishnu ne da kansa zai shigo duniya cikin jikin mutum, abin da suke kira abatar. Zai ƙara da cewa Kalki bai zo ba tukuna, domin sai a ƙarshen wannan zamani da suke kira Kali Yuga zai bayyana, zamanin da lissafinsu ya ba shekara 432,000, wanda kuma ya fara a shekara ta 3102 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan abin da ya shuɗe bai fi shekara dubu biyar da 'yan kai ba. Za a haife shi a gidan Barahmana, wato ajin malaman addininsu, a wani gari Shambala, aikinsa kuma shi ne ya maido da tsohon tsari, har da rabon mutane zuwa ajujuwan haihuwa, Barahmana a sama, Shudura a ƙasa. To, Musulmin da ya ce Kalki shi ne Annabi, wanne ya ɗauka daga cikin nan? Ya yarda Annabi abin bauta ne da ya sauko cikin jiki? Ya yarda wanda ya ce Balarabe bai fi Ba'ajame ba sai da taƙawa ya zo ne ya dawo da tsarin da ke hana Shudura kusantar littafi? An tsinci doki da takobi, an bar sauran jikin labarin a ƙasa, alhali sauran jikin ne labarin.

Akwai wata hujjar da ake kawowa daga Babishya Purana, ɗaya daga cikin littattafan labaran addininsu da ake kira Purana, wadda ta fi wannan muni. Gaskiya ne akwai wani wuri a littafin da ke ambaton wani malami baƙo mai suna Mahamada da mabiyansa, kuma masu wa'azi suna karanta layukan farko da murna. Amma wanda ya ci gaba da karatu zai tarar wurin ɓatanci ne. Marubucin ya haɗa Mahamada da wani aljani da Shiba, wani babban abin bautarsu, ya taɓa ƙonewa, ya kuma siffanta addininsa da kalmar da ba zan maimaita a nan ba. Ya sa Mahamada ya haɗu da wani sarkin Indiya, Sarki Boja, wanda ya yi mulki a ƙarni na 11, wato kimanin shekara ɗari huɗu bayan wafatin Annabi. Wannan sashe ɗin dai shi ne ke ba da labarin Akbar sarkin Mughal, daular Musulmi da ta mulki Indiya, da Turawan Ingila a Kalkata, da Sarauniya Biktoriya. Littafin da ya san Biktoriya ba sai an yi masa wahayi ba kafin ya san Makka. An daɗe ana ƙara masa shafuka, kowane zamani da nasa, sai a rubuta abin da ya riga ya faru da sigar "zai faru". Haka ma Allopanishad, ɗan gajeren rubutun nan da ke ɗauke da lafazin Allah da sunan Annabi cikin Sanskirit. Ba ya cikin jerin littattafan hikimarsu 108 da aka sani da Upanishad, masana suna ɗaukarsa aikin zamanin Mughal, kuma Dayananda Saraswati, malamin Hindu da ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, ya yi watsi da shi tuntuni.

Alƙur'ani ya faɗi inda aka ambaci Annabi a littattafan da suka gabata: Attaura da Linjila, a aya ta 157 ta Suratul A'araf. Bai aike mu farauta cikin Purana ba.

Abin da ya kamata ya farkar da mu shi ne cewa wannan wasa da mutum biyu ake yinsa. A can ɗaya ɓangaren akwai P. N. Oak, wanda ya rasu a 2007, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana cewa Taj Mahal tsohon ɗakin bautar Shiba ne, haka Fadar Paparoma, haka Ka'aba. Kotun Ƙolin Indiya ta yi watsi da ƙararsa kan Taj Mahal a shekarar 2000, amma maganganunsa na nan da rai a YouTube. Mabiyansa na cewa: ku dubi alhazai, sun ɗaura farin yadi marar ɗinki kamar masu ziyarar wuraren bautarmu, suna aske kai kamar yadda muke yi, suna kewaya ɗaki kamar yadda muke kewaya namu, suna sumbatar baƙin dutse, mu kuwa dutse ne alamar Shiba. Hanyar da suka bi ita ce dai wadda mai hujjar Kalki ya bi, a jera kamanni huɗu ko biyar a rufe ido ga ma'ana. Ba su damu ba cewa mai kewaya ɗakin bautar Hindu yana barin abin bautar a damansa ne, mai ɗawafi kuwa Ka'aba na hagunsa. Ba su damu da maganar Sayyidina Umar ba, wadda ke cikin Bukhari, inda ya ce wa Hajarul Aswadi ya san dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ba don ya ga Annabi ya sumbace shi ba da bai sumbata ba. Idan farin doki ya isa ya mai da Kalki Annabi, da wane baki za mu ce farin yadi bai isa ya mai da harami tufar Hindu ba?

Kada a ɗauka ina cewa a rufe ƙofar duba Musulunci ta tagar Hindu. Akasin haka nake nufi. Musulmi da Hindu sun yi zaman maƙwabtaka na sama da shekara dubu da ɗari uku, tun shigar Muhammad bin Ƙasim Sindh a 711, kuma a ƙidayar 2011 Musulmin Indiya kaɗai sun kai kusan miliyan 172. Mutanen da suka zauna haka dole kowa ya fassara ɗan'uwansa da harshen da ya iya. Tambayar ita ce wane irin dubawa ne ke ƙara wa mutum ilimi, wanne ne kuma ke mai da shi makaho yana zaton yana gani.

Wanda na fi girmamawa a wannan fage shi ne Abu Raihan al-Biruni, haifaffen Khuwarizm a 973. Ya shiga ƙasar Hindu a inuwar rundunar Mahmud na Gazna, sarkin da ya farfasa wurin bautar Somnat, kuma da ya so da ya rubuta littafin kirari ga ubangidansa ya ci abinci. Maimakon haka ya zauna ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali na yoga zuwa Larabci, sannan wajen 1030 ya kammala babban littafinsa kan Indiya. A gabatarwar ya faɗa ƙarara cewa ba littafin jayayya yake rubutawa ba, zai kawo maganar mutanen ne kamar yadda suke faɗinta. Ya rubuta cewa yaƙe-yaƙen Mahmud sun ruguza arzikin ƙasar, suka dasa wa Hindu ƙiyayyar Musulmi mai zurfi. Ya ce masanansu suna riƙe da cewa Ubangiji ɗaya ne, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, gumaka kuwa na gama-gari ne, ya kuma yi adalcin cewa kowace al'umma tana da gama-garinta masu son abin da ido zai gani. Duk da haka bai taɓa cewa addinan biyu ɗaya ba ne. Shi ne ma ya ce kamar yadda kalmar shahada take alamar Musulunci, Tirniti alamar Kiristanci, Asabar alamar Yahudanci, haka aƙidar sake haihuwa take alamar addinin Hindu, wanda bai yarda da ita ba ba ya cikinsu. Mutum ne da ya san inda kamanni yake, ya san inda ya ƙare, bai kuma ji tsoron nuna duka biyun ba.

Bayansa da shekara ɗari shida sai ga Dara Shiko, babban ɗan Shah Jahan sarkin Mughal, yarima mai jiran gado, ɗan Ƙadiriyya ta hannun Mulla Shah almajirin Miyan Mir na Lahor. Shi zuciyarsa ta fi ta Biruni zafi. A 1655 ya rubuta Majma'ul Bahraini, ya aro sunan daga ƙissar Annabi Musa a Suratul Kahfi, yana nufin tekun Musulunci da tekun Hindu sun haɗu. A ciki ya yi ta jera abubuwa biyu-biyu: Birahma, abin bautar da suke jingina wa halitta, shi ne Jibrilu, Bishnu shi ne Mika'ilu, Shiba shi ne Israfilu, rugujewar duniya ta ƙarshe a wurin Hindu ita ce Ƙiyama. A 1657 ya tara malaman Hindu na Banaras suka fassara Upanishad kimanin hamsin zuwa Farisanci, ya kuma yi iƙirarin cewa su ne "ɓoyayyen littafi" da aka ambata a aya ta 78 ta Suratul Waƙi'a. Bayan shekara biyu ƙanensa Aurangzeb ya ci shi da yaƙi, aka yanke masa hukuncin ridda aka kashe shi. Kowa ya san kujera ce ta kashe Dara, fatawar rakiya ta yi. Fassarar tasa kuma ta rayu, domin ta hanyarta ne Upanishad suka isa Turai da Latin a farkon ƙarni na 19.

Ina tausayin Dara, amma ban yarda da jerinsa ba. Mika'ilu bawa ne da ake umarta, ba a gina masa ɗaki, ba a kai masa furanni. Bishnu kuwa a wurin masu bauta masa shi ne Ubangijin da babu wani a samansa. Wanda ya ce su ɗaya ne ya ɗaga mala'ika sama da matsayinsa, ya kuma sauke wa Bahinde abin bautarsa zuwa ɗan aike, ga shi bai nemi izinin kowa ba cikin su biyun. Tun kafin a haifi Dara ko yana ƙarami, Shehu Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, ya amsa wa wani Bahinde da ya rubuto masa cewa Rama, wanda Hindu ke ɗauka saukowar Bishnu, da Rahman ɗaya ne, ya ce Rama ɗan Dasharata ne, mijin Sita, wanda aka haifa a wani lokaci, yaya za a haɗa shi da wanda bai haifa ba ba a haife shi ba? Harshen Sirhindi a kan Hindu yana da kaushi a wurare da dama, kaushin da ba na sha'awa, amma a wannan gaɓa ya fi Dara fahimtar abin da kowane ɓangare yake faɗa.

Akwai kuma wasu da suka ɗauki kayan Hindu don wata manufa dabam, su ne mawaƙan da suka kai Musulunci ƙauyuka. A yankin Chittagong na Bengal, a ƙarni na 17, Sayyid Sultan ya rubuta Nabibangsha, doguwar waƙar tarihin annabawa da harshen Bengali. Ya kira Allah da Niranjan, sunan da mutanen wurin suka saba ji, ya kira annabi da abatar. Ya saka Kirishna, wanda shi ma Hindu ke ɗauka saukowar Bishnu, cikin labarin da sunan Hari, a matsayin wanda aka aiko ya shiryar da mutane amma Iblis ya karkatar da shi, don mai sauraro ya gane dalilin da ya sa aka buƙaci cikamakin manzanni. Ya yi kukan cewa wasu na kiransa munafuki don ya rubuta addini da harshen Hindu, ya kare kansa da cewa Allah na aiko kowane manzo da harshen mutanensa, abin da ke cikin aya ta 4 ta Suratu Ibrahim. A can kudu kuma, wajen 1700, Umaru Pulawar ya rera Sira da harshen Tamil a baitoci sama da 5,000. Abin burgewa, da ya zo siffanta ƙasar Larabawa sai ya zuba mata damina, koguna suna cika suna batsewa, ga fadamun shinkafa, domin a ƙa'idar waƙar Tamil ba a haifar babban mutum a ƙasar da ba ta da albarkar ruwa. Ba jahiltar hamada ya yi ba. Yana gaya wa manomin Tamil ne cewa wannan Annabi naka ne.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. A Kano mun ga 'yan bandiri irin su Ushaƙu Indiya suna ɗaukar karin waƙoƙin fina-finan Indiya su cire kalmomin soyayya su zuba begen Annabi. Malamai sun yi ta muhawara a kai, amma babu wanda ya ce mawaƙan sun koma Hindu. Kari aka aro, saƙon na gida ne.

Sai dai aro yana da iyaka, kuma tarihin Khoja, wata al'ummar Musulmi ta Gujarat, ya nuna ta. A waƙoƙinsu na addini akwai wadda ake kira Das Abatar, inda aka jera saukowar Bishnu guda tara kamar yadda Hindu suka sani, aka ce ta goma ta riga ta bayyana a ƙasar Larabawa, ita ce Sayyidina Ali. A 1866, da rikici ya tashi tsakaninsu kan ko su Sunni ne ko mabiya Aga Khan, shugaban Shi'a Isma'iliyya, wannan waƙa na cikin manyan hujjojin da alƙalin Babbar Kotun Bombay, Bature, ya dogara da su ya yanke cewa Isma'iliyya ne. A wurin Sayyid Sultan kalmar abatar gada ce da za a haye a bar ta a baya. A nan kuwa ta zama ɗakin kwana. Kuma a wannan gaɓa ce nake ganin tagar Hindu ta fi amfani ga Musulmi, domin tana nuna masa abin da addininsa ya ƙi, da dalilin ƙin.

A babi na 4 na Bagabad Gita, shahararren littafin addininsu, Kirishna yana gaya wa jarumi Arjuna cewa duk lokacin da gaskiya ta yi rauni ɓarna ta yi ƙarfi, yakan bayyana da kansa, zamani bayan zamani, ya kare na kirki ya hallaka miyagu. Damuwar iri ɗaya ce da wadda muka sani: mutane sukan ɓace, Ubangiji ba ya barinsu haka. Amsar ce ta bambanta. A can Ubangijin ne ke saukowa. A Musulunci magana ce ke saukowa, mai ɗauke da ita kuwa an umarce shi ya ce "ni mutum ne kamarku, ana yi mini wahayi". Wanda ya taso a cikin Musulunci yakan karanta ƙarshen Suratul Kahfi kowace Juma'a ya wuce, bai ji nauyin wannan jumla ba. Sai ya ajiye ta kusa da Gita zai ga irin katangar da ta gina.

Daga nan kuma kamannin gaske yake fitowa, wanda masu neman doki da takobi ba su kula da shi ba. Idan ana neman abin da ya yi kusa da matsayin Alƙur'ani a tunanin Hindu, ba Kirishna ba ne, Beda ne, mafi tsufan littattafansu masu tsarki. Malaman mazhabar Mimamsa sun tafi a kan cewa Beda ba wallafar kowa ba ce, sauti ne dawwamamme da magabata suka ji. Wanda ya san abin da Imamu Ahmad bin Hambal ya sha a fitinar da Ma'amun ya buɗe a 833 kan ko Alƙur'ani halitta ne, zai gane wannan muhawara ba baƙuwa ba ce. Kuma a dubi yadda suka tsare littafin. Shekaru aru-aru ba su yarda a rubuta shi ba, daga baki zuwa kunne ake ɗauka. Yaro zai haddace layi yadda yake, sannan ya haddace shi kalma-kalma a rarrabe, sannan biyu-biyu, ta farko da ta biyu, ta biyu da ta uku, sannan ya riƙa saƙa su gaba da baya, duk don kada wasali ɗaya ya goce. Malamin na kaɗa hannu sama da ƙasa yana nuna hawa da saukar murya. Alaramman da ya kwana yana tilawa, wanda a musaffa ba ya barin kuskuren ɗauri ɗaya ya wuce, zai gane wannan yaro tun kafin a fassara masa komai, fiye da yadda farfesan Turai da ke ɗaukar littafi abin ajiyewa a kanta zai gane shi. Amma ko a nan akwai inda hanya ta rabu, kuma Biruni ya lura da shi: Shudura ba a yarda ma ya saurari Beda ba. Allo kuwa ɗan mahauci da ɗan sarki duk suna ɗauka.

Haka batun gumaka. Mu da yawancinmu a fim muka san addinin Hindu, jaruma ta durƙusa gaban mutum-mutumi tana kuka ana kaɗa ƙararrawa, mukan ɗauka mutanen nan ba su taɓa jin labarin Ubangiji ɗaya ba. Sun ji. A Rig Beda akwai baitin da ke cewa gaskiya ɗaya ce, masana ne ke kiranta da sunaye da yawa. A Chandogya Upanishad akwai "ɗaya, ba shi da na biyu". Sai dai a kula, domin masu wa'azi kan fizgi wannan su ce ga Ƙulhuwallahu a littafin Hindu. A fassarar Shankara, babban malaminsu na wajen ƙarni na 8, ma'anar ita ce babu wani abu da ke da samuwa ta haƙiƙa sai Shi, har ran ɗan Adam ma Shi ne idan aka yaye labule. Wannan ya fi kusa da muhawarar wahdatul wujudi tsakanin Sufaye da masu sukarsu, ba tauhidin da ake koya wa yaro a Islamiyya ba. Madhwa kuwa, a ƙarni na 13, ya ce sam, Ubangiji dabam, rai dabam, har abada. Su ma ba bakinsu ɗaya ba. Kuma idan ka ce wa Bahinde mai ilimi yana bautar dutse, zai ce maka dutsen wurin tattara hankali ne, ko masaukin da abin bautar ya yarda ya sauka. Musulmi yana da amsa, tana aya ta 3 ta Suratuz Zumar, inda masu irin wannan uzuri suka ce ba ma bauta musu sai don su kusantar da mu ga Allah. Amma ya shirya, domin Bahinden zai tambaye shi abin da dubban mutane ke yi a hubbaren Mu'inuddin Chishti a Ajmer, inda Hindu da Musulmi ke cin karo da juna ɗauke da furanni. Wannan tambaya ba sai an je Indiya ba, mun daɗe muna yi wa juna ita a nan gida.

Inda tagar ta fi yaudara shi ne inda ta fi kama da karamci. Sau da yawa Bahinde mai kyakkyawar niyya zai ce duk addinai hanyoyi ne zuwa wuri ɗaya. Ramakirishna, wani shehin Hindu na Bengal, ya yi kwana uku a 1866 yana sallah yana ambaton Allah, ya fito ya ce ya isa inda ya saba isa. Almajirinsa Bibekananda ya rubuta wa wani abokinsa Musulmi a 1898 cewa fatan Indiya shi ne ƙwaƙwalwar Bedanta, wato falsafar Hindu da aka gina kan Upanishad, da jikin Musulunci. Yabo yake yi, yana jinjina wa daidaito da 'yan'uwantakar da ya gani a tsakanin Musulmi, kuma na yarda da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma a duba rabon. An ba mu jiki, an riƙe kai. Wanda ya ce duk hanyoyi ɗaya ne ya riga ya yanke hukunci cewa abin da Musulunci ke faɗa game da kansa, na rayuwa ɗaya da mutuwa ɗaya da hisabi ɗaya da cikamakin annabta, ado ne kawai a kan wata gaskiya da Bedanta ta fi kowa sani. A tsarin sake haihuwa, wanda ya kuskure a wannan rayuwa yana da wata a gaba. A Suratul Muminun wanda mutuwa ta zo masa ya roƙi a mai da shi, aka ce a'a. Ba za a iya narkar da ɗaya cikin ɗaya ba sai an zubar da wani abu, kuma yawanci na mai rauni ake zubarwa.

A Indiyar yau kuwa an san mai rauni. Tun 1923 Sabarkar, jagoran aƙidar kishin Hindu, ya rubuta cewa cikakken ɗan ƙasa shi ne wanda Indiya ce ƙasar kakanninsa kuma ƙasarsa mai tsarki, ma'aunin da ya fitar da duk mai fuskantar Makka. An rushe Masallacin Babri ran 6 ga Disamba 1992, aka buɗe ɗakin bautar Rama a wurin a Janairun 2024. A irin wannan yanayi, cewa Musulunci reshe ne na tsohuwar hikimar Hindu ba zancen falsafa ba ne kawai, yana da sakamako a kan filaye da gine-gine. Mu da ke nesa muna tura bidiyon Kalki don nishaɗi, ba mu san muna ƙarfafa ƙa'idar da ake dukan 'yan'uwanmu da ita ba, wato cewa kamanni hujja ce ta mallaka.

To ko an aiko annabi Indiya? Alƙur'ani ya ce babu wata al'umma face mai gargaɗi ya shuɗe a cikinta, ya kuma ce akwai manzannin da ba a ba da labarinsu ba. Mirza Mazhar Jan-i Janan, shehin Naƙshabandiyya na Delhi da ya rasu a 1781, ya tsaya a kan cewa ƙasa mai girman Indiya ba za a bar ta ba mai gargaɗi ba, don haka kada a yi gaggawar kafirta magabatansu da suka rayu kafin Musulunci, kada kuma a tabbatar da abin da nassi bai tabbatar ba. Wannan matsayi ya ishe ni. Bai buƙaci in ƙaƙaba wa Rama rawani ba, bai kuma ba ni lasisin zaginsa ba, musamman da yake aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa.

Daga ɓangaren Hindu ma an sami masu halin Biruni. Ram Mohan Roy, Barahmana ɗan Bengal, littafinsa na farko da ya shahara da Farisanci ya rubuta shi da gabatarwar Larabci, kan kaɗaita Ubangiji, kafin ya kafa ƙungiyar Brahmo Samaj a 1828. Daga cikin wannan tafiya ne Girish Chandra Sen ya fito. Yana da shekara arba'in da 'yan kai ya tafi Lakno ya zauna gaban malaman Musulmi ya koyi Larabci, ya dawo ya fassara Alƙur'ani cikakke zuwa Bengali tsakanin 1881 da 1886, yana jingina da tafsiran Musulmi a bayanansa. Bai musulunta ba, bai kuma ce ya gano Kirishna a ɓoye cikin surori ba. Musulmin Bengal, waɗanda yawancinsu ba sa jin Larabci, sun karanta fassarar tasa, wasunsu har suna kiransa Maulabi.